Ta yaya zan gane dabarar da mai magana ya bi ya shawo kan mutane?

Wani ɗalibi ne ya turo min tambaya, yace an basu aiki su ɗauki jawabin wani ko rubutunsa su yi nazarin yadda ya shawo kan jama'a. An koya masu abubuwa ukun nan na Aristotil, ya bi jawabin layi layi ya nemo su ya jera, amma malaminsu ya dawo masa da takardar yace wannan lissafi ne ba nazari ba. Shine yake tambaya toh me ya rage, me ake so ya gani wanda bai gani ba.

Toh ƙanina, malaminka yana da gaskiya, kuma kar ka ji komai don kusan duk wanda ya fara wannan fannin nan yake fara tsayawa. Abubuwa ukun ba ƙarya bane. Aristotil, wanda ya rayu a Girka daga shekara ta 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yace mutum yana shawo kan ɗan'uwansa ta hanya uku, ko dai ta mutuncinsa da yardar da aka yi masa, ko ta motsa zuciyar mai sauraro, ko ta hujjar da ke cikin maganar kanta, su ne kuke kira itos da fatos da logos a aji. Matsalar ita ce babu wani jawabi a duniya da zaka duba ka rasa ukun nan a ciki, na kirki da na banza duk suna da su, saboda haka in kace "ya yi amfani da motsa zuciya" baka faɗa mana komai game da wannan jawabin ba, kamar a tambaye ka yadda mota take tafiya ne kace tana da taya huɗu da sitiyari.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ƙarfin magana ba a cikin abin da aka faɗa yake ba galibi, yana cikin abin da mai magana ya bari bai faɗa ba saboda ya san mai sauraro zai cike gurbin da kansa. Kuma wannan ma Aristotil ɗin ya faɗe shi, ya nuna cewa mai jawabi ba ya kawo hujja cikakkiya irin ta masu manɗiƙi (ilimin tsara hujja), in wani ɓangare na hujjar sananne ne a wajen jama'a to ba sai an ambace shi ba, mai ji ne zai saka. Bari in baka misali. Ɗan takara ya hau mumbari yace "abokin hamayyata bai taɓa kwana da yunwa ba, ta ina zai san halin da kuke ciki?" Jama'a suka ɗau tafi. Me aka faɗa? Abu ɗaya, mutumin bai taɓa yunwa ba. Me ake so a yarda da shi? Kar a zaɓe shi. Amma tsakanin biyun nan akwai wata magana da ba a furta ba, wato duk wanda bai ɗanɗani talauci ba ba zai iya yi wa talaka aiki ba. Da ɗan takarar ya fito fili ya faɗi wannan, wani a cikin taron zai ce anya kuwa, ai na san masu kuɗi masu tausayi kuma na san waɗanda suka taso a talauci suka samu dama suka manta da kowa. Amma da yake bai faɗa ba, kowa ya faɗa wa kansa a zuci, kuma mutum ba ya gardama da maganar da shi ya yi wa kansa. Wani masani ɗan Ingila, Stephen Toulmin, a 1958 ya tsara wannan sosai, yace kowace hujja tana da abin da ake da'awa, da dalilin da aka kafa, da kuma abin da ya halatta a tsallaka daga dalilin zuwa da'awar, kuma na ukun nan shi ne aka fi ɓoyewa. In ka iya zaƙulo shi ka rubuta shi ɓaro-ɓaro a jimla ɗaya, wallahi ka yi rabin aikinka.

Mu da muke jin Hausa ma mun fi kowa sanin wannan, don karin magana aikinta kenan. Mutum yana so ka yi sauri sai yace maka ai a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, gobe in yana so ka dakata sai yace sannu ba ta hana zuwa. Duka biyun zaka gyaɗa kai, alhali sun saɓa wa juna. Karin maganar bata tabbatar da cewa halin da kake ciki yau na sauri ne ko na jira ba, kawai ta zo da nauyin "magabata sun ce", kai kuma kana jin kunyar musa wa magabata. Don haka in ka ga karin magana ko aya ko zancen wani babban mutum a cikin jawabi, kar ka tsaya a "ya ƙawata maganarsa", ka tambaya, wace muhawara ce aka rufe da ita wadda da ba don ita ba sai an buɗe?

Daga nan sai tambaya ta gaba, wa ake yi wa maganar? Ba zaka san abin da aka bari mai sauraro ya cike ba sai ka san waye shi, me ya riga ya yarda da shi, me yake tsoro, me yake jin kunya. Malaman balaga na Larabci sun yi nisa a nan ƙwarai, har ma'anar da suka ba balaga ita ce magana ta dace da abin da hali yake nema. A ilimin ma'ani, wani reshe na balaga, sun kasa mai sauraro gida uku, akwai wanda bai san komai kan zancen ba, akwai mai kokwanto, akwai mai musu, kuma kowanne da irin ƙarfafawar da ake yi masa. Na farko kace masa "an biya kuɗin", na biyu kace "lalle an biya kuɗin", na uku kace "wallahi tallahi an biya kuɗin nan". Kaga kenan yawan rantsuwa da nanatawa a jawabi yana gaya maka yadda mai maganar yake kallon mutanen da ke gabansa, in ka ga yana ta rantsuwa tun ba a musa masa ba to ya san akwai shakka a ƙasa. Abdulƙahir Al-Jurjani, babban malamin balaga wanda ya rasu wajen shekara ta 471 bayan hijira, shi kuma ya kafe a kan cewa kalma ita kaɗai bata da wani fifiko, fifikon yana cikin yadda aka jera ta da 'yan uwanta, me aka gabatar, me aka jinkirta, me aka share. Ni a ganina ɗalibin da ya fahimci wannan ya fi wanda ya haddace sunayen adon harshe guda hamsin.

Wani lokacin ma wanda ake kallo a ido ba shi ake yi wa maganar ba. Dubi jawabin Nelson Mandela a kotun Pretoria ta Afirka ta Kudu ran 20 ga Afrilu 1964, a shari'ar Rivonia da gwamnatin wariyar launin fata ta yi masa da abokan gwagwarmayarsa. A zahiri alƙali yake yi wa magana, kuma hukuncin kisa na iya hawa kansa. Amma sai ya zaɓi ya yi bayani daga inda ake tsayar da wanda ake tuhuma maimakon ya shiga akwatin shaida, wanda a shari'ance bayanin nasa ya rage nauyi kenan, sai dai ya samu damar yin magana doguwa ta sa'o'i ba mai katse shi da tambaya. Kuma bai musa cewa ya shirya ɓarnata kayan gwamnati ba, ya amsa da bakinsa, sannan ya ɗau lokaci yana bayanin yadda aka toshe duk wata hanyar lumana kafin su kai ga haka, ya rufe da cewa ƙasar da kowa yake da 'yanci da dama daidai manufa ce da yake fatan ya rayu ya ganta amma in ta kama a shirye yake ya mutu a kanta. In ka auna jawabin da ma'aunin "ya wanke kansa a gaban alƙali?" zaka ce bai yi dabara ba, an yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Yuni na shekarar. Amma in ka gane cewa 'yan jarida da mutanen ƙasarsa da sauran duniya yake yi wa magana, sai komai ya zauna daidai, har amsa laifin da ya yi, domin mutumin da ya amsa abin da zai iya kai shi ga igiya, in ya ce maka sauran zargin ƙarya ne zaka fi saurin yarda. Wannan shi ne mutuncin mai magana da ake ginawa a cikin jawabin kansa, ba wanda aka shigo da shi daga waje ba.

Ga wani misalin da nake so ƙwarai saboda gajarta ce da shi, zaka iya karance shi a minti biyu. Jawabin Abraham Lincoln, shugaban Amurka a lokacin, a garin Gettysburg ran 19 ga Nuwamba 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka da batun bauta ya haddasa, kalmominsa basu kai 300 ba, alhali Edward Everett da ya yi magana kafin shi ya kwashe wajen awa biyu. Lincoln ya buɗe da cewa shekara 87 da suka wuce iyayenmu suka kafa sabuwar ƙasa. Yi lissafi, 1863 a cire 87 ya baka 1776, shekarar shelar 'yancin kai wadda a cikinta aka rubuta cewa an halicci dukkan mutane daidai. Bai ƙirga daga 1787 ba, shekarar da aka rubuta tsarin mulkin da ya bar bauta ta ci gaba. Bai tsaya yace "ina ganin asalin ƙasar nan shelar 'yanci ce ba tsarin mulki ba, ga dalilaina" ba, da ya faɗi haka da an samu masu ja da shi nan take. Kawai ya saka lamba ya wuce, duk wanda ya karɓi lambar ya karɓi fassarar yaƙin gaba ɗaya. Kalmar bauta ma bata fito a jawabin ko sau ɗaya ba. Irin wannan ake so ka gano, zaɓin da aka yi shiru aka yi, da kuma ɗaya zaɓin da aka bari.

Shi ya sa dabarar da nake ba ɗalibai kullum ita ce canji. Ka ɗauki jimlar da kake zargin tana aiki, ka sake faɗinta ta wata hanya mai ma'ana ɗaya, ka ga me ya ɓace. Kuma wannan ba hasashe bane, an gwada. Masana halayyar ɗan'adam Amos Tversky da Daniel Kahneman a 1981 sun ba mutane labarin wata cuta da ake sa ran zata kashe mutum 600, suka ce a zaɓi tsakanin shiri biyu, ɗaya tabbatacce ɗaya na kasada. Da aka ce shirin farko zai ceci mutum 200, kashi 72 cikin ɗari suka zaɓe shi. Da aka ba wani rukunin labarin amma aka ce a shirin mutum 400 zasu mutu, kashi 22 ne kacal suka zaɓe shi. Lissafi ɗaya ne fa, 200 sun rayu 400 sun mutu, abin da aka sa a gaba ne kawai ya bambanta. Elizabeth Loftus da John Palmer kuma a 1974 sun nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota suka tambaye su gudun da motocin suke yi, waɗanda aka tambaya da kalma mai nuna motocin sun yi raga-raga sun ce wajen mil 40 a awa, waɗanda aka ce masu motocin sun taɓa juna suka ce wajen mil 32. A gwaji na biyu da aka dawo bayan mako ɗaya aka tambaya ko sun ga fasasshen gilashi, 16 cikin 50 na masu kalma mai zafi suka ce sun gani, a rukunin da aka yi wa tambaya da kalma mai sauƙi 7 ne, kuma babu wani fasasshen gilashi a fim ɗin sam. Kalma ɗaya ta shiga ta gyara abin da mutum yake tunawa ya gani da idonsa.

In rubutun da kake nazari na Hausa ne, ka sa ido sosai a kan ƙananan kalmomin da ba a kula da su. "An kashe mutum goma" da "jami'an tsaro sun kashe mutum goma" da "mutum goma sun rasa rayukansu" duk labari ɗaya ne, amma na farko ya ɓoye mai aikin, na uku ma ya mayar da abin kamar ba wanda ya yi. "Kuɗin sun salwanta" ba ɗaya yake da "ya cinye kuɗin" ba. "Wai" guda ɗaya a farkon jimla ta isa ta zubar da maganar mutum ba tare da an kawo dalili ko ɗaya ba. Sai kuma "mu" da "ku" da "su", ka bi jawabin da biro ka ja layi a ƙarƙashin kowanne, ka ga a ina mai maganar ya shiga cikin jama'a yace mu, a ina ya fice yace ku, kuma su waye "su" ɗin da ba a taɓa kiran sunansu ba amma kowa a wajen ya san da wa ake. Shugaba zai ce "mun samu nasara" in abu ya yi kyau, in ya lalace sai kaji "an samu matsala". Wannan ba ƙaramin abu bane, kuma inda ya fi muni shi ne in aka sauya wa "su" ɗin suna gaba ɗaya, kamar yadda gidan rediyon RTLM a Ruwanda ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai har zuwa kisan ƙare dangi na 1994. Ba sai an ce a kashe kyankyaso ba, mai ji ya riga ya san abin da ake yi da shi, kaga mun dawo kan gurbin nan da ake bari a cike.

Maimaitawa kuma kowa ya santa, ba sai na daɗe a kanta ba. Abin da zan ƙara maka kawai shi ne ba daɗin kunne kaɗai take yi ba, binciken Lynn Hasher da abokan aikinta a 1977 ya nuna mutane suna ƙara yarda da magana in sun sake jinta, ko gaskiya ce ko ƙarya. Saboda haka ka duba wace magana ce aka fi nanatawa, sannan ka duba ko ita ce aka fi kawo wa hujja, sau da yawa zaka tarar wadda bata da hujjar ita ake ta maimaitawa.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka kar ka haɗa su, wato "jawabin ya yi tasiri" da "jawabin gaskiya ne". Tambayoyi biyu ne daban kuma nazari mai kyau yana amsa kowacce a wurinta. Ran 5 ga Fabrairu 2003 Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka a lokacin, ya zauna a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana bayanin cewa Iraƙi tana da makaman ƙare dangi. Ya nuna hotunan tauraron ɗan'adam, ya kunna muryoyin da aka naɗa, ya ɗaga 'yar ƙaramar kwalba don a ga ɗan abin da ya isa ya yi ɓarna, shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA George Tenet yana zaune a bayansa inda kyamara zata ɗauke su tare. Ga shi tsohon janar da ake ganin girmansa. A matsayin aikin shawo kai, an tsara shi da kyau, ya kuma yi tasiri a kan Amurkawa da yawa. Aka shiga yaƙi a watan Maris, aka nemi tarin makaman ba a same su ba, shi kansa Powell daga baya yace abin tabo ne a tarihinsa. Kwalbar nan bata tabbatar da cewa Iraƙi tana da komai ba, ta sa mutane sun hango abin a ransu ne kawai, kuma abin da mutum ya hango ya fi saurin yarda akwai shi. Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi a kan wannan a hadisin Ummu Salama da ke Bukhari da Muslim, inda yake cewa kuna kawo min ƙara, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujjarsa sai in yanke masa bisa abin da na ji, to duk wanda na yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa yanki ne na wuta nake yankar masa. Iya magana daban, gaskiya daban.

Amma kuma kar ka zama irin ɗaliban da da zarar sun koyi wannan sai su ɗauka duk motsa zuciya yaudara ce. Sam ba haka bane. Likitan da yake so uwa ta kawo ɗanta allurar rigakafi in ya tsorata ta da abin da cutar take yi wa yara, tsoron a wurinsa yake tunda cutar tana yin hakan da gaske. Abin tambaya shi ne, tsoron ko fushin ko tausayin da aka tayar, ya yi daidai da girman abin? Kuma in aka fito da maganar da aka ɓoye aka shimfiɗa ta a fili, mai jawabin zai iya tsayawa ya kare ta ko zai ce ba haka yake nufi ba? Mandela zai iya kare tasa, Lincoln ma haka. Ɗan takarar da na kawo maka a sama da wuya.

Wajen rubutawa, kar ka ce zaka taɓa komai. Zaɓi wurare uku ko huɗu da ka ga nan ne nauyin jawabin yake, kowanne ka kawo ainihin kalmomin mai maganar, ka faɗi me ya zaɓa da me ya bari, ka faɗi abin da yake so mai sauraro ya cike da kansa, sannan ka faɗi dalilin da zai sa waɗannan mutanen a wannan lokacin su yarda su cike. Maimakon "ya yi amfani da motsa zuciya da ya ambaci yunwa", sai ka rubuta wani abu kamar haka: da ya ce abokin hamayyarsa bai taɓa kwana da yunwa ba, ya ɗauke muhawarar daga kan manufofin da kowa ya zo da su ya mayar da ita kan tarihin rayuwa, inda ya san shi ke da rinjaye, kuma ya dogara da cewa masu sauraronsa da tsadar rayuwa ta gallaba sun riga sun ɗauka cewa wanda bai sha wahala ba ba zai damu da su ba, shi ya sa bai ga buƙatar kawo ko misali ɗaya na wani abu da abokin hamayyar ya yi wa talaka ba daidai ba. In jawabin na baka ne kuma akwai bidiyonsa, ka kalla sau ɗaya da sauti, sau ɗaya ka karanta rubutaccen kawai, duk wurin da ya burge ka a bidiyo amma a takarda ka ga ba komai, ka rubuta minti nawa ne, don a nan murya da shiru da tafin jama'a suka yi aikin, kuma su ma sai ka yi bayaninsu kamar yadda ka yi na kalmomi.